Babi na Shida: Lita Nawa Famfon Tuƙa-tuƙa Ke Bayarwa?

Daga watan Maris zuwa saukar ruwan farko, zafin Yola da Jimeta kan haura digiri 40, kuma a wannan tsakanin ne ake sanin darajar kowane famfo. Kogin Binuwai yana nan a gefen gari, ya janye ya bar rairayi, amma ruwan famfon gwamnati bai kai kowane gida ba. Da yawa daga mutanen Jambutu da Doubeli da Damilu, da na ƙauyukan hanyar Girei da Fufore, rijiyar burtsatse da 'yan garuwa ne madogararsu. Inda babu inji babu sola kuwa, sai famfon tuƙa-tuƙa. A bakinsa ake jera jarkoki tun asuba, a bakinsa kuma ake yawan jin wani ya ce wa mai bugawa ya ƙara sauri, layi ya yi tsawo.

Ƙara saurin yana da iyaka, kuma iyakar a lissafe take. Duk wanda ya gama firamare zai iya fitar da ita da biro da takarda.

Abin da ake gani a sama, wato kan famfon da dogon hannunsa, ba shi ne ke ɗebo ruwan ba. Aikin yana can ƙasa, mita ashirin ko talatin ko fiye, a cikin wata silinda da aka nutsar ƙarƙashin ruwa. Cikinta akwai fistan mai hawa da sauka kamar na sirinjin allura, an ɗaure shi da sandunan ƙarfe da aka harhaɗa har zuwa sama. Bawul biyu ne ke tsare hanya, ɗaya a gindin silindar, ɗaya a jikin fistan ɗin. Idan aka danna hannun famfo ƙasa, fistan ya yi sama, ya ɗaga ruwan da ke kansa, na gindi ya buɗe sabon ruwa ya shigo. Idan fistan ya sauko, na gindi ya rufe, ruwan da ya shigo ya ratsa ta bawul ɗin fistan ya koma samansa, yana jiran bugu na gaba. Dalilin nutsar da silindar shi ne zuƙo yana da maƙura: nauyin iskar duniya ba zai iya tura ruwa sama da mita 10 da 'yan kai a cikin bututu ba, a aikace ma da wuya a wuce mita 7. Shi ya sa injinan ban ruwa na manoman rani a bakin tafkin Gerio suke aiki lafiya lau daga sama, tunda ruwansu a kusa yake, amma famfon unguwa dole ya bi ruwan har inda yake ya turo shi.

Famfon da aka fi sani a ƙasar nan shi ne India Mark II, wanda aka ƙera a Indiya cikin shekarun 1970 da hannun gwamnatin ƙasar da asusun UNICEF, sai ƙanensa India Mark III. Faɗin cikin silindarsa milimita 63.5 ne, wato inci biyu da rabi, tafiyar fistan daga ƙasa zuwa sama kuma milimita 125. Da waɗannan lambobi biyu ake fara komai. A raba faɗin biyu, a sami sentimita 3.175. A ninka wannan da kansa, a sake ninkawa da 3.14, sai a sami girman fuskar fistan, kusan murabba'in sentimita 31.7. A ninka shi da tsawon tafiyar, sentimita 12.5, sai ya ba da mililita 396. Ma'ana, bugu ɗaya cikakke bai kai rabin lita ba. Babban mutum mai bugawa a natse yakan yi kamar bugu 40 a minti ɗaya, don haka abin da famfon zai iya fitarwa a minti shi ne 396 sau 40, lita 15.8.

Jarkar nan mai ruwan ɗorawa, mai cin lita 25, tana bukatar bugu 63 ke nan, wajen minti ɗaya da rabi. Ɗan garuwar da ya zo da kura mai jarka 12 zai ɗebi lita 300, bugu sama da 750, minti 19 ba hutawa. Duk wanda ke bayansa a layi yana da hujjar ƙorafi, amma laifin ba na hannun ɗan garuwa ba ne. Iya cikin silindar ke nan.

Wannan lissafi na takarda ne, kuma amfaninsa mafi girma shi ne a gwada shi da abin da ke fitowa a zahiri. Babu famfon da ke kawo duk abin da takarda ta ce. Bawul yana ɗan jinkiri kafin ya rufe, ruwa kaɗan yana sulalewa ta gefen robar fistan. Idan jarka ta cika a bugu 66 ko 70, famfon yana da lafiya, asararsa ba ta wuce kashi 10 cikin 100 ba. Idan sai an yi bugu 90 cikakku, to kowane bugu yana kawo mililita 278 kacal, an yi asarar kusan kashi 30 cikin 100, kuma kusan ko yaushe robar fistan ce ta cinye ko yashi ya goge cikin silindar. Ƙasar Yola tana zaune ne a kan dutsen yashi da masana ke kira da sunan tsaunin Bima na jihar Gombe, ga kuma rairayin da Binuwai ya shimfiɗa a kwarinsa. Rijiyar da ba a wanke ta sosai ba bayan haƙa, ko aka yi rowar tsakuwar da ake zubawa a gefen bututunta, za ta riƙa turo yashi mai laushi, shi kuwa yana cin roba a hankali ba tare da kowa ya ji ƙara ba.

Akwai gwaji na biyu da ake yi da sassafe, kafin kowa ya taɓa famfon. Bututun da ruwa ke hawowa ta cikinsa, idan tsawonsa ya kai mita 30, yana riƙe da lita 20 ko fiye. In bawul ɗin gindi yana rufewa da kyau, wannan ruwa zai kwana a tsaye, bugu biyu ko uku sai ya zubo. In kuwa sai an yi bugu hamsin kafin a ga ɗigo, to ruwan ya tsiyaye cikin dare, ko ta bawul ɗin ko ta wata huda da tsatsa ta yi wa bututun. Mata da yaran da ke fara zuwa da asuba sun san wannan alama tun kafin kowane makaniki, sai dai ba kasafai ake tambayarsu ba. Abin takaici ne, domin roba da bawul su ne mafi araha a cikin famfon gaba ɗaya, kuma rashin canza su a kan lokaci ne ke kai shi ga tsayawa cik. Ƙididdigar masana ta nuna cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ɗaya cikin kowane famfon hannu huɗu ko biyar ba ya aiki a kowane lokaci aka duba. Famfo ya tsaya, mutane su koma buɗaɗɗiyar rijiya ko kogi, kuma Yola ta Arewa da Girei sun ga abin da gurɓataccen ruwa ke jawowa a annobar kwalara ta 2019.

Sai batun gudun fistan. A kowane bugu yana tafiya sau biyu, hawa da sauka, don haka ana ninka tsawon tafiyar da biyu, sannan da yawan bugu. Sentimita 12.5 sau 2 sau 40 ya ba da sentimita 1,000 a minti, wato mita 10, kusan sentimita 17 a daƙiƙa. Tafiya ce ta a hankali ƙwarai, kuma da gangan aka tsara ta haka. A India Mark II sarƙa ce ta haɗa hannun famfo da sandunan. Sarƙa tana ja, amma ba ta turawa, saboda haka nauyin sandunan ne kaɗai ke mayar da fistan ƙasa. Idan yaro ya riƙa fizgar hannun da sauri fiye da yadda sandunan ke iya sauka cikin ruwa, sarƙar za ta saki, sannan ta fizgu da ƙarfi, kuma wannan fizgar ce ke kashe boris da tsinka sarƙa. Yawancin masu gaggawa ma gajeren bugu suke yi, rabin tafiya ko ƙasa da haka. Tunda bawul yana asarar ruwa a duk lokacin da zai rufe, komai gajartar bugun, mai bugu 80 rabi-rabi yana samun ƙasa da abin da mai bugu 40 cikakku yake samu, ga gajiya, ga lalata kaya.

Ko da ƙarfen zai jure, jikin mutum yana da tasa iyakar. Nauyin da fistan ke ɗagawa shi ne girman fuskarsa a ninka da nisan da ke tsakanin saman ruwan rijiya da bakin famfo. Idan ruwan yana mita 20 ƙasa, 31.7 sau sentimita 2,000 ya ba da lita 63, wato kilo 63. Idan rani ya yi nisa ruwan ya sauka zuwa mita 30, nauyin ya zama kilo 95. Dogon hannun famfon yana rage wannan kusan sau takwas, sai mai bugawa ya ji kilo 8 a farko, kilo 12 daga baya, amma a madadin haka hannunsa yana tafiyar mita guda domin fistan ya motsa sentimita 12.5. Ɗaga lita 15.8 a minti daga zurfin mita 30 yana cin ƙarfin wat 78, ban da abin da gogayyar ƙarfe ke ci, kuma wannan ya yi kusa da abin da lafiyayyen mutum ke iya bayarwa na dogon lokaci. Mai son bugu 60 a minti sai ya fitar da wat 117. Zai iya na minti biyu ko uku, ba zai iya na awa ba.

Akwai abin lura a nan da ke raba cuta biyu da ake yawan gwamutsawa. Saukar ruwan rijiya yana ƙara wa hannun famfo nauyi, amma ba ya rage abin da kowane bugu ke kawowa, matuƙar silindar tana nutse. Cinyewar roba kuwa tana rage ruwan, hannun ma ya ƙara sauƙi. Famfon da ya yi nauyi a watan Afrilu amma yana cika jarka a bugu 68, lafiyarsa ƙalau. Wanda ya yi sakwaf yana neman bugu 100, shi ne mai bukatar makaniki. Idan kuma ruwa yana zuwa yana yankewa, yana tafe da iska, to rijiyar ce ta sauka har bakin silindar, maganin kuma ƙarin bututu da sanda ne, in zurfin ramin ya bari.

Wani zai ce, me zai hana a sa silinda mai faɗi? Ruwa zai ƙaru, tabbas. Daga inci biyu da rabi zuwa inci uku, fuskar fistan tana ƙaruwa da kashi 44 cikin 100, ruwan ma haka. Sai dai nauyin da ke kan hannu shi ma da kashi 44 ɗin zai ƙaru, kuma waɗanda suka fi zuwa ɗiban ruwa yara ne da mata. Masu ƙera famfon Afridev, wanda aka fara aikinsa a Malawi a farkon shekarun 1980 aka ci gaba a Kenya, sun bi ta ɗaya ɓangaren. Silindarsu milimita 50 ce, tafiyar fistan kuma milimita 225. Fuskarsa murabba'in sentimita 19.6, bugu ɗaya mililita 442, bugu 40 lita 17.7 a takarda. Nauyin ruwa a mita 30 kilo 59 ne maimakon 95, amma fistan yana gudun sentimita 30 a daƙiƙa, kusan ninki biyu na wancan. Abin da ya fi ɗaukaka shi a wurin masu aikin ruwan karkara shi ne ana iya zaro fistan da bawul ɗin gindi ta cikin bututun ba tare da an ciro bututun kansa ba, don haka mutum biyu na ƙauye za su iya canza roba da ɗan sifana.

Waɗannan lambobi sun zama batun rayuwa a Yola a ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, jama'ar arewacin Adamawa suka kwararo kudu. An buɗe sansanoni a Damare da Malkohi da Fufore, majami'ar St. Theresa ta Jimeta ta cika, mafi yawan waɗanda suka gudo kuwa gidajen 'yan uwa da na bayin Allah suka sauka. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji ke aiki da ita, wadda ke cikin kundin Sphere, ta ce famfon hannu ɗaya kada ya wuce mutum 500, bisa zaton yana ba da lita 17 a minti na tsawon awa takwas, kowane mutum kuma ya sami aƙalla lita 15 a yini. Lissafin ya fita daidai: 17 sau 60 sau 8 lita 8,160 ne, a raba wa mutum 500, kowa ya tashi da lita 16 da ɗoriya. To amma a ce robar famfon ta cinye, yana ba da lita 11 a minti. Abin da zai fitar a awa takwas lita 5,280 ne, rabon mutum 352. Sauran 148 suna nan a rubuce a takardar ofis a matsayin waɗanda aka wadata da ruwa, alhali a ƙasa babu nasu. Kuma wannan lissafi bai cire lokacin ɗauke jarka da ajiye wata ba. A unguwar da gida mai mutum goma ya wayi gari da mutum talatin, famfon da ya ishi jama'a jiya ba zai ishe su yau ba, ko da sabo ne fil.

Famfo mai fistan ba na hannu kaɗai ba ne, kuma ya daɗe a duniya. Tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wani maƙerin Iskandariyya mai suna Ktesibiyus ya haɗa mai silinda biyu. A shekarar 1206 Isma'il al-Jazari, injiniyan fadar sarakunan Diyarbakir da ke ƙasar Turkiyya ta yau, ya zana famfo mai fistan biyu da ƙarfin ruwan kogi ke juyawa, ɗaya na zuƙa ɗaya na turawa. Matsalar da ya nemi warwarewa tana nan har gobe: fistan ɗaya ruwansa a yanke yake zuwa. Idan inji ne ke juya shi, fistan yana tsayawa cak a kowane ƙarshen tafiya, ya fi gudu a tsakiya, inda saurinsa ke kaiwa ninki 1.57 na matsakaicin da lissafi ya bayar. Ruwan ma haka yake fita, ya taso ya faɗi.

Masu wankin mota na bakin titunan Jimeta suna riƙe da maganin wannan a hannunsu. Famfon injin feshinsu, irin babban nan, fistan uku ne ƙanana da aka jera, kowanne yana bin ɗan'uwansa da sulusin zagaye, ta yadda kafin ɗaya ya gama turawa wani ya ɗauka. A ɗauki misalin mai fistan milimita 18 da tafiyar milimita 14, yana juyawa sau 1,450 a minti. Fuskar kowanne murabba'in sentimita 2.54, bugu ɗaya mililita 3.56, a ninka da uku, a ninka da 1,450, sai a sami lita 15.5 a minti. Kusan daidai da tuƙa-tuƙa! Bambancin yana wurin matsi. Idan injin yana tura ruwan da matsin da ya kai bar 150, daidai yake da ɗaga shi mita 1,500 sama, abin da ke cin kusan kilowat 4, aikin mutum hamsin a lokaci guda. Matsakaicin gudun fistan ɗinsa sentimita 68 ne a daƙiƙa, ninki huɗu na famfon unguwa. Wanda ya canza fuli don ya ƙara masa gudu zai sami ƙarin ruwa da farko, amma da zarar fistan ya riga ruwan da ke biyo shi ta tiyon shiga, sai gurbi ya buɗe a cikin silinda, kumfar tururi ta taso ta fashe, injin ya fara ƙwanƙwasa, bawul da roba su tafi cikin 'yan makonni.

A motar haƙa burtsatse ma akan sami irinsa, babba, wanda ke tura ruwan laka cikin rami don ya fito da dutsen da aka niƙa. Shi yana turawa a tafiya da dawowa duka, don haka ana lissafa fuska biyu, sai a cire kaurin sandar da ta ci wuri a ɓangare ɗaya. Mai silinda biyu na inci 5 da tafiyar inci 6, da sanda inci ɗaya da rabi, yana ba da kusan lita 7.4 a zagaye ɗaya, lita 440 a minti idan yana zagaye 60. A rami mai faɗin inci 8 da bututun haƙa inci uku da rabi, wannan laka tana hawa da gudun kusan mita 17 a minti. In gudun ya gaza wanda tsakuwa ke nutsewa da shi, sai ta koma gindi ta riƙe bakin haƙan.

Yanzu sola ta yawaita a Yola da Jimeta, kuma unguwanni da dama suna cire tuƙa-tuƙa su zura famfon lantarki a ramin, su ɗora tanki a sama. Ci gaba ne, ya kuma raba yara da bugun famfo a cikin rana. Sai dai kafin a yi, ya kamata a tuna lambar farko. India Mark II da ake bugawa sau 40 a minti ba ya neman fiye da lita 950 a awa daga rijiyar, kuma ramuka da yawa an amince da su ne saboda sun iya ba da wannan kaɗan ɗin. Ƙaramin famfon lantarki yana iya jan lita 3,000 a awa ko fiye. Idan ƙasar wurin ba ta tsattsafo da ruwa da wannan saurin, ruwan ramin zai sauka har bakin famfon cikin mintuna, ya zuƙi iska, ya yi zafi ya ƙone. Abin da ke hana haka shi ne gwajin ja: a sa famfo ya yi awoyi yana aiki, ana auna lita nawa ke fita a minti da mita nawa ruwan ya sauka, sannan a kashe a auna tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo matsayinsa. An fi son a yi shi a watan Afrilu, lokacin da ruwan ƙasa ya kai ƙarshen saukarsa, sannan a sayi famfon da ya yi daidai da abin da gwajin ya nuna.